Kare a ɗaure, mage a sake: tambayoyi da amsoshi kan alhakin mai dabba

Duk inda masu kare da masu mage suka haɗu, wannan gardamar takan taso. Mai kare ya ce shi kaɗai doka ta sa wa ido: igiya, allura, rajista, kwashe kashi, biyan diyya. Mai mage kuwa ya buɗe ƙofa da safe, dabbarsa ta haura katanga, duk abin da ta aikata a waje a ce halinta ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga gari zuwa gari, don haka duk dokar da na ambata zan faɗi ta inda take, kuma wanda magana ta kai shi kotu ya nemi lauyan inda yake zaune.

Me ya sa doka ta fi matsa wa mai kare?

Saboda ɓarnar kare a fili take, kuma a jikin mutum take sauka. Kare babba yana iya kayar da yaro, ya yaga masa fuska, ya bi garken tumaki ya kashe biyar a dare guda. Ana ganin jini, ana ganin mai kuka, an san ƙofar da za a buga. Ɓarnar mage shiru take yi: tsuntsu a bayan gida, ƙadangare, 'yan tsaki biyu da aka wayi gari babu su. Tsuntsun daji kuma ba shi da mai kai ƙara.

Dalili na biyu shi ne kare yana jin horo. Ya fi shekara 15,000 yana tare da ɗan Adam, kuma an yi ta zaɓen irinsa ne a kan bin umarni: farauta, gadi, kiwo. Mage ta zo daga baya, ta bi ɓeraye zuwa rumbunan manoman farko. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 da aka binne mutum da mage kusa da juna. Duk tsawon zaman nan ba ta sauya sosai daga 'yar'uwarta ta daji ba. Alƙalai suka ce abin da za a iya riƙewa shi ake tuhumar mutum a kansa idan ya sake. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ta tsufa. Yau an san ana iya tsare mage, kuma miliyoyin mutane suna yi.

Magen maƙwabcina ta kashe mini tattabaru. Dole ya biya ni?

Ya danganta da inda kake, da kuma abin da maƙwabcin ya sani game da magensa.

A Ingila an yi irin wannan shari'a a 1926, tsakanin Buckle da Holmes. Mage ta shiga gidan wani ta kashe masa tattabaru da kaji. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce mai magen ba zai biya ba, domin kamun tsuntsu hali ne na kowace mage, kuma ba a nuna cewa tasa tana da wata muguwar ɗabi'a ta daban da ya sani ba. Ka kwatanta wannan da Dokar Dabbobi ta 1971 a ƙasar: idan kare ya kashe ko ya raunata dabbar kiwo, har da kaji da tattabarun gida, mai riƙonsa zai biya ko da bai yi sakaci ba. Kaza ɗaya, mutuwa ɗaya, amma hukunci biyu, gwargwadon haƙorin da ya kama ta.

Faransa da Jamus ba su yi wannan rabon ba. Sashe na 1243 na dokar mu'amalar Faransa ya ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnarta, tana hannunsa ko ta ɓata ko ta tsere. Sashe na 833 na ta Jamus haka ya ce game da dabbar da ake riƙe don sha'awa, bai ware kare daga mage ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne malaman fiƙihu sun zauna a kan wannan mas'ala tun ƙarni na 13. Imamu Nawawi ya kawo ta a littafinsa Minhaj: magen da ke ɓata tsuntsu ko abinci, idan an san ta da hakan, mai ita zai yi lamuni, wato ya biya ɓarnar, dare ko rana, idan ba a san ta da shi ba, ba zai yi ba. A ganina wannan ya fi hukuncin 1926 kusa da adalci. Karo na farko mutum yana iya cewa bai sani ba. Amma ranar da ka je ka yi masa sallama, ka nuna masa gashin tattabarunka, daga ranar ya sani. Idan ta sake, ba halin mage ake tuhuma ba, sakacinsa ake tuhuma.

Shawarata: ka fara da magana a tsanake, ka ɗauki hoto, ka gyara akurkinka. Shi kuma, ko doka ta kuɓutar da shi, ya kamata ya biya. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya inda sashen doka ya tsaya ba.

Karena bai taɓa cizon kowa ba. Idan ya yi na farko, za a kama ni da laifi?

A wurare da yawa, e. Akwai tsohuwar ƙa'idar da wasu jihohin Amurka ke bi har yanzu, wadda ta ce sai an tabbatar mai kare ya san karensa mugu ne, ko ya kamata ya sani. Mutane suka ɗauka ma'anarta kowane kare yana da cizo ɗaya kyauta. Ba haka ba ne. Karen da ke gurnani yana kai wa baƙi hari, ko yake bin masu keke a guje, ya riga ya sanar da kai halinsa ko bai taɓa fasa fatar kowa ba. Jihohi da dama kuma sun bar wannan ƙa'idar. A Kalifoniya, idan kare ya ciji mutum a bainar jama'a, ko a gidan da mutumin ya shiga bisa izini, mai shi zai biya, ko wane irin tarihi karen yake da shi.

Wannan tunani na “ka sani ko ba ka sani ba” ya girmi duk kotunan nan. Dokokin Eshnunna na tsohuwar Iraƙi, masu shekara kusan 3,800, sun yi maganar mugun kare: idan hukumar unguwa ta gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, ya ciji mutum ya mutu, zai biya azurfa. Littafin Fitowa na Attaura, sura ta 21, ya bambanta bijimin da ya tunkuyi mutum karon farko da wanda aka san shi da tunkuyi aka kuma faɗa wa mai shi. Fiƙihu ma ya ɗora lamuni a kan mai riƙe kare mai cizo.

Abin da na fi ji daga bakin masu kare bayan an yi rauni shi ne “wallahi ba halinsa ba ne”. Sau da yawa gaskiya suke faɗa. Kare mai ciwo, ko karyar da ke shayarwa, ko wanda yaro ya ja wa kunne yana tsakiyar cin abinci, yana iya yin abin da bai taɓa yi ba. Shi ya sa ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, kowane kare ne.

To in a cikin gidana ya yi cizon fa?

Katanga ba ta wanke ka. A Ingila da Wales, Dokar Karnuka Masu Haɗari ta 1991 da farko ta fi shafar wuraren jama'a, amma a 2014 aka faɗaɗa ta ta shiga cikin gidaje, musamman saboda masu kai wasiƙa da ma'aikatan jinya da ake cizo a bakin ƙofa. Idan kare ya kashe mutum, mai shi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14; idan rauni ne, shekara 5. Ba ma sai ya yi cizo ba: idan ya fita daga iko har mutum ya ji tsoro mai dalili cewa zai ji masa ciwo, laifi ne. An yi sassauci ga mai gida idan wanda aka ciza ɓarawo ne da ya kutsa cikin ɗaki. Amma mai karanta mita, da baƙo, da yaron da ya shigo ɗaukar ƙwallonsa, duk amanarsu tana wuyanka. Allon da ka rubuta “akwai kare” gargaɗi ne kawai, ba ya maye gurbin ƙofa mai sakata.

Karen ɗana ne, ba nawa ba.

Idan yaron ƙarami ne, naka ne. Dokar Ingila ta 1971 ta faɗa ƙarara: dabbar yaron da bai kai shekara 16 ba, shugaban gidan ne mai riƙonta. Hankali ma haka ya ce. Yaro ba ya sayen allura, ba ya gyara shinge.

Ni ban kawo magen nan ba. Zuwa ta yi, na riƙa ba ta abinci. Tawa ce?

Baiwar Allah, ki tambayi kanki tun yaushe. Wanda ya ba mage mai yunwa abinci sau ɗaya ya yi sadaka. Wadda ta shekara tana ajiye kwano a wuri ɗaya, magen tana kwana a zaurenta, ta haihu a ƙarƙashin gadonta, ta zama mai ita, ko ta raɗa mata suna ko ba ta raɗa ba. Wasu dokokin gari a Amurka suna ɗaukar mai ciyar da dabba a kai a kai a matsayin mai riƙonta.

Nan ne bambancin kare da mage ya fi cutar da mage. Ba wanda zai ciyar da kare shekara guda ya ce ba nasa ba ne. Mage kuwa tana iya cin abinci a gida uku, ranar da ta karye ƙafa babu ko ɗaya da zai kai ta wurin likitan dabbobi, kowa yana cewa ta wancan gidan ce. Abinci ba tare da sauran kulawa ba yana ƙara yawan maguna marasa gata ne kawai, domin wadda ta ƙoshi ta fi haihuwa. Idan kin ɗauki kwano, ki ɗauki sauran.

Kafin ki ce taki ce, ki bincika ko tana da mai ita. A ƙasashe da yawa ana sa wa dabba wata 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda likita ke karantawa. Ingila ta wajabta ta ga karnuka a 2016, amma maguna sai 10 ga Yuni 2024, kafin su kai mako 20, da tarar da ta kai fam 500. Shekara 8 tsakani, kuma wannan tazarar ta nuna yadda doka ke baro mage a baya.

Tsare mage a gida ba zalunci ba ne? Ai an ce wata mata ta shiga wuta saboda ta kulle mage.

A karanta hadisin har ƙarshe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa matar ta tsare magen, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Laifin yunwar ce da ƙishirwa. Darasin da ke ciki shi ne duk wanda ya tsare rai ya ɗauki nauyin duk abin da ran zai nema wa kansa da a sake yake. Wannan hujja ce a kan mai sakaci, ba izini ba ce ta buɗe ƙofa a manta.

Sai mu dubi abin da sakin yake jawowa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Communications a 2013 ya ƙiyasta cewa maguna a Amurka kaɗai suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 da biliyan 4 a shekara. Mafi yawan kisan na marasa masu ne, amma marasa masu daga ina suka fito? Jikokin na gida ne da aka sake ko aka yar. Wani binciken na 2016 ya sami hannun maguna a ƙarewar nau'o'in halittu 63 daga doron ƙasa, galibi a tsibirai. Ƙoshi ba ya hana mage farauta, domin ba yunwa kaɗai ke sa ta ba. Kuma abin da take kawo miki bakin ƙofa kaɗan ne daga abin da ta kashe.

Ita kanta magen tana biyan kuɗin yawon: mota, faɗa da muzurai da cututtukan da ke bin cizonsu, guba, karnuka.

Doka ta daɗe tana jan ƙafa a nan. A 1949 majalisar jihar Illinois ta zartar da ƙudurin hana maguna yawo don kare tsuntsaye, gwamna Adlai Stevenson ya ƙi sa hannu, yana cewa yawo ba rakiya yana cikin ɗabi'ar mage. Amma iska ta fara juyawa. A Kanbera, babban birnin Ostireliya, duk magen da aka haifa daga 1 ga Yuli 2022 dole a tsare ta a harabar gidan mai ita. A garin Walldorf na Jamus, a 2022 aka umarci mazauna wani yanki su kulle magunansu a watannin da wani ɗan tsuntsu mai tukku, wanda ya kusa ƙarewa a yankin, yake ƙyanƙyasa a ƙasa.

Ni ina tare da tsarewa, da sharaɗin a yi ta da gaskiya. Magen cikin gida tana buƙatar wurin hawa, abin kartawa, taga, wasa na kullum da ya yi kama da farauta, da kwanon bayan gida mai tsabta. Wanda ba zai iya tsarewa gaba ɗaya ba, aƙalla ya shigar da ita daga magariba zuwa hantsi, lokacin da ta fi farauta kuma mota ta fi buge ta. Cire mata farce kuwa ba mafita ba ce: yanke gaɓar ƙarshe ta yatsa ne, ƙasashen Turai da yawa sun hana, jihar New York ma ta hana a 2019.

Ni kullum karena a ɗaure yake. Ai na sauke nauyi ko?

Ka sauke rabinsa, na maƙwabta. Saura na karen. Karen da ke kwana ya wuni a sarƙa gajera, rana ta doke shi, kwanon ruwa ya kife ba wanda ya lura, yana cikin halin magen hadisin nan. Kuma irinsa ya fi cizo ranar da sarƙa ta tsinke, domin bai saba da mutane ba, bai san komai ba sai tsaron taku huɗun da yake kewayawa. Haushin da ke hana unguwa barci yawanci kukan kaɗaici ne.

Dokar Walwalar Dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ta lissafa buƙatu 5 da ke kan mai dabba: mazauni mai dacewa, abinci mai dacewa, damar yin ɗabi'arta, zama tare da 'yan'uwanta ko nesa da su gwargwadon halinta, da kariya daga ciwo da rauni da cuta. A wannan doka kare da mage daidai suke, kuma nan ne nake ganin doka ta faɗi gaskiya duka. An ruwaito mutumin da aka gafarta wa don ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a takalminsa, alhali karen ba nasa ba ne. Ina ga wanda kai ka ɗaure da hannunka?

Allurar haukan kare ta shafi mage?

Ƙwarai. Sunan cutar ne ke ruɗin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Wanda ya ƙi yi wa nasa, ba da ransa kaɗai yake caca ba. Amma a Amurka, inda allurar karnuka ta kankama, mage ce dabbar gida da aka fi samu da cutar, saboda tana yawo kuma ba a cika kai ta asibiti ba.

Idan dabbarka ta ciji mutum ko ta yakushe shi har jini: a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kai kuma ka nuna katin allura, ka tsare dabbar kwana 10 ana lura da ita, ka ɗauki nauyin magani. Kada ka ɓoye ta, kada ka yi ƙaryar ta yi allura. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tashi. Cizon mage ko babu hauka abin kula ne: haƙorinta siriri ne, yana tura ƙwayoyin cuta can ciki, ramin ya rufe a kansu, hannu ya kumbura kafin kwana ɗaya.

Ina da juna biyu, an ce in rabu da magena.

Ba sai kin rabu da ita ba. Ƙwayar cutar da ake tsoro tana fita a kashin mage, amma sai ta yi kwana 1 zuwa 5 kafin ta iya kama mutum. Wani ya riƙa kwashe kashin kullum, ki sa safar hannu in za ki taɓa ƙasa, ki wanke hannu, ki dafa nama ya nuna sosai.

Dole ne a yi wa dabba aikin hana haihuwa?

A wasu wurare dole ne. Beljiyam ta wajabta shi ga maguna. A yawancin duniya zaɓi ne, kuma malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun ƙi, wasu sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Ga lissafin da ya kamata mutum ya sa a gabansa: mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin yana yin kwana 63 zuwa 65, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya zaɓi barin ta ta haihu, 'ya'yan duka nasa ne har ya sama wa kowanne gida. Mai muzuru da mai kare namiji su ma suna ciki, ko da 'ya'yan a bayan gidan wani aka haife su. Aikin na likita ne, da allurar kashe zafi.

Na buge dabba da mota. Me ke kaina?

A Birtaniya, Dokar Hanya ta 1988 ta wajabta tsayawa da ba da rahoto idan ka buge kare, doki, saniya, jaki, alfadari, tunkiya, alade ko akuya. Babu mage a jerin. An sha kai koke majalisa a kan haka. Ko me doka ta ce a inda kake, ka tsaya. Wataƙila tana da sauran rai, kuma akwai wanda zai kwana yana kiran sunanta.

Dabbar maƙwabci ta ishe ni. In sa mata guba?

A'a. A ƙasashe da yawa laifi ne na zaluntar dabba da ɓata dukiyar wani, kuma guba ba ta tambayar wanda aka sa wa: kaza ta ci, karen wani ya ci, yaro ya taɓa. Dabbar ba ta san iyakar fili ba, mai ita ne ya sani. Ka je gare shi, in ya ƙi ka kai ga hukuma. Masu dabba su ma su kiyaye gubar da ake bayarwa da kyakkyawar niyya: ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe mage, haka maganin ƙuma na kare mai sinadarin famitirin (permethrin).

Ba zan iya ci gaba da riƙe ta ba. In kai ta nesa in sake ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi, domin yawanci mai yin ta ba mugu ba ne; ƙaura ce, ko rashin lafiya, ko mai gidan haya ya hana. Amma yar da dabba kisa ne a hankali. Karen da aka sauke a bakin hanya yakan zauna a wurin kwana da kwanaki yana duban kowace mota. Magen da ta saba da kwano ba lallai ta iya ciyar da kanta ba, in kuma ta iya, ta koma cikin waɗancan da ke cinye tsuntsaye suna haihuwa a kango. Dokar Ingila ta 1971 ta ce wanda ya saki dabbarsa yana nan a matsayin mai riƙonta har sai wani ya karɓa, ma'ana in ta yi ɓarna bayan ka yar, kai za a nema.

Kare yana yin shekara 10 zuwa 13, mage tana iya haura 15. Ka fara neman mata gida tun kafin ranar tashi ta matso. Ka tambayi 'yan'uwa da abokai, ka tambayi likitan da ke duba ta, ka nemi ƙungiyoyin kula da dabbobi in akwai su kusa. Wanda zai karɓa ka faɗa masa gaskiyar halinta duka, har cizon da ta taɓa yi da kajin da ta taɓa kamawa, ka miƙa masa katin allurarta da kwanon da ta saba ci a ciki, bayan mako biyu kuma ka je ka ga yadda take.